Hirar Ranar Alhamis

Tun shagon intanet bai cika ba Tanvir ya shige akurkin kwamfuta na ƙarshe, ya ja labule ruf. Kullum shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen fita.

Shekara uku ke nan da mahaifinsa ya sayar da gonar alkama, ya danƙa kuɗin tafiyarsa ga dillalin da ke tsallakar da samarin Gujrat ta Pakistan zuwa Italiya. Tsohon bai ga wata kakar ba. Abin da ya rage wa Ammi, mahaifiyarsa, shi ne hirar Alhamis da ɗanta: ta hau motar ƙauye zuwa gari, ƙanwarsa Ruksana ta riƙa buga mata saƙo, tunda ita ba ta karatu.

Sunan Ruksana ya yi kore a allo.

"Yaya, Ammi ta ce kana cin abinci kuwa? Ko taliyar Turawa ta mantar da kai gurasarta?"

"Ce mata na yi ƙiba har wando ya ƙi ni," ya rubuta. Sannan ya ƙara tsuke mazagi.

Ya zuba musu labarin dusar ƙanƙara, da maigida mai kirki, da takardun zama da kullum suna hanya. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, ya sani. Amma furen nan ne ke riƙe da tsohuwa, shi kuma kunya ke cin sa ɗanye.

"Yaya, mai shago ya sa kyamara. Likita ya ce idon Ammi saura ƙiris ya rufe. Sau ɗaya tak take so ta gan ka, don Allah."

Ya dubi tasa kyamarar, sabuwa fil a saman allo. Ya dubi hannuwansa, duk jar ƙurar bulo ta cika tsagun.

"Ta nan ta lalace. Sai wani makon."

Bai gama turawa ba wuta ta ɗauke. Fanka ta tsaya, shago ya yi tsit, tarin da yake dannewa tun ɗazu ya ƙwace masa. Ya cusa mayafi a baki, amma ina!

Sai ga muryar Ammi daga akurkin kusa, a nan Gujrat ɗin da ya koma ya ɓuya, ta bayan falankin da kafaɗarsa ke jingine da shi: "Ruksana, ji bawan Allah na gefenmu, tarinsa sak na yayanki. Allah Ya kai shi gaban uwarsa, ko wace ce."