Wayar da Serikbay Ya Ƙi Ja

Serikbay direban babbar mota ne a birnin Karaganda, inda ake tsananin sanyi. Shi ne auta, don haka, bisa al'adarsu, gidan mahaifinsa a hannunsa ya faɗo, tare da tsohuwarsa, Kulyash, wadda suke kira Apa, wato Mama. Gidan tsoho ne. Tukunyar gas da ke ɗumama shi tana da maɓalli guda a bango, ka murɗa dama a ji zafi, ka murɗa hagu ya ragu. Tsohuwa ko ido rufe ta iya.

Da sanyi ya ƙarato, Serikbay ya sayo sabuwar na'ura, irin wadda ake sarrafawa daga salula. Da ya cire tsohon maɓallin, wayoyin wuta biyu ya tarar a bango. Na'urar kuwa uku take so. Ta ukun ce ke ba ta wuta kullum.

Matarsa Botagoz ta ce, "Mai shago fa ya ce a ja waya ta uku, ko a sa mata abin caji."

"In fasa bangon Baba saboda maganar mai shago? Ba ga ta nan ta kama ba?"

Ta kama kam, amma da batirin cikinta.

Tsohuwa ta leƙa, ta ce, "To ni ina zan murɗa?"

"Kin huta da murɗawa, Apa. Ko da ina can birnin Astana zan ɗumama miki ƙafa."

"Kai da ko shayi ba ka iya ɗumamawa," in ji ta. Suka yi dariya.

Tsakiyar sanyi suka tafi ƙauye nema wa ɗansu aure. Tsohuwa ba ta iya doguwar tafiya, aka bar ta. Surukai suka yanka rago, suka ajiye wa Serikbay kan a gabansa, kuma wanda aka ba kan rago ba ya tashi da wuri. Ana cikin ci salularsa ta nuna na'ura ta yanke.

Botagoz ta raɗa masa, "Kira Apa."

"Matsalar sabis ce. Kina so surukai su ce hankalina ba ya nan?"

Ba sabis ba ne. Batir ya ƙare, na'ura ta mutu, tukunya ta tsaya.

Tsohuwa ta danna, ta shafa, shiru. Ba ta kira ɗanta ba, don ba a katse wa mutum neman aure. Ta shiga kicin, ta rufe ƙofa, ta kunna duk murhun girki ta zauna kusa. Tagogi kuma an liƙe su da takarda tun kafin ƙanƙara, kamar kowane gida. Iska ba ta shiga, ba ta fita.

Washegari suka dawo. Gidan sanyi ƙalau, kicin kaɗai da ɗumi. Tana kan kujera cikin babbar rigarta, kai a sunkuye.

"Apa, mun dawo. Sun ba mu yarinyar."

Ba ta amsa ba. Likita ya ce iskar gas ce ta kashe ta.

Mai karatu, ban yi karatu mai zurfi ba, amma wannan na sani. Abu ya kama yau ba ya nufin an haɗa shi daidai. In an ce na'ura tana son waya uku, ka ja ta ukun. Kuma kada ka raba tsoho da abin da hannunsa ya iya, sannan ka kulle gida ka tafi.