Tsohuwar da Ba Ta Son Sanyi

Tun daga garin Bariloche Nelida ba ta zauna ba. Sauran 'yan ƙungiyar kiɗan na gaban mota ana zagayawa da ƙoƙon shayin mate, ita kuwa tana baya cikin kayan kiɗa, ta tokare wani babban akwati da kafaɗa. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta ji shi har cikin haƙoranta.

Tsohuwa suke ce wa abin da ke cikin akwatin. Piyano ce irin ta da, maɓallanta talatin da biyar, kowanne da nasa zaren kaset a rataye a ciki. In ka danna, muryar mace ta rera na daƙiƙa takwas, zaren ya koma mazauninsa. Ba a kwantar da ita, don kada zaren ya sarƙe. Ba ta son ƙura, ba ta son sanyi. Shekara goma sha tara ke nan Nelida na ɗawainiya da ita.

Yau ga sanyi har cikin ƙashi, ga abin ɗumama motar ya mutu tun safe. Ta lulluɓa mata bargo biyu, ta tuɓe rigar sanyinta ta ƙara. Gyalen wuyanta kaɗai ta bari.

Suka iso garin Esquel, saura awa uku a fara wasa. Zauren wasan ya ɗau ɗumi. Nelida ta shafa akwatin, ta ji shi sanyi ƙalau. In aka buɗe yanzu raɓa za ta kama zaren, ya manne, dannawar farko ya tsinke. Kuma babu irinsa ko'ina a duniya.

Fermin, sabon mai kaɗa Tsohuwa, ya iso da sauri. "Inna, buɗe mana, ko gwaji ban yi ba."

Ta girgiza kai, ta ɗaga masa yatsu biyu, ta haye kan akwatin.

"Awa biyu? Kai, Tulio, zo ka ɗaga kazar nan daga kan ƙwanta!"

Tulio mai ganga, wanda da shi aka kafa ƙungiyar, bai ko ɗago ba. "Rabu da ita, ɗan samari. Bakinka ya fi yatsunka sauri."

Fermin ya kai hannu kan maƙulli. Ta doke hannun, ji kake tas.

Daga nan sai zirga-zirga. Ta sauka, ta taɓa katakon da bayan hannu, ta duba agogo, ta koma. Ta janye bargo ɗaya. Can ta ɗaga murfin kaɗan, faɗin yatsa. A waje mutane sun fara dukan ƙofa. Fermin sai tsaki yake, wai ai kwamfuta ma tana yin wannan sautin.

Da lokaci ya cika ta buɗe. Ta bi zaren ɗaya bayan ɗaya da fitila, ta goge inda yake bi da auduga, ta kunna injin ta jira ya daidaita. Sannan ta danna maɓallin tsakiya.

Muryar ta fito garau, ta cika zauren. Daƙiƙa takwas. Zaren ya koma lafiya.

Fermin ya ce, "Wallahi kullum sai tsigar jikina ta tashi. Wai wace ce ta rera wannan? Tana raye kuwa?"

Nelida ta gyara gyalenta a kan tabon da likitoci suka bar mata a maƙogwaro shekara goma sha tara da suka wuce.

Tulio ya ce, "Tana raye mana. Ba ita ta doke maka hannu ɗazu ba?"