Wayar da Aka Jona

Gumi har cikin idon Injiniya yake shiga, ga fanka tana ta juyi a kansa a banza. Shi ne mai kula da kwamfutocin makarantar, kuma yau ruwa ya ƙare wa ɗan kada: tambayoyin jarrabawar fita sun gama zagaye wayoyin ɗalibai tun kafin a buga su.

Kwamfutar da ake ajiye tambayoyin a ɗakinsa take. Igiya ɗaya tal gare ta, wadda ta haɗa ta da ofishin shugabar makaranta da injin buga takarda. Ko da wasa ba ta leƙa intanet. Ashe wani ya jona mata waya kamar mai yin caji, kwamfutar ta koma tana kan layi biyu lokaci guda, na gida da na waje. Ta na wajen aka yi ɓarnar.

"Kai ka ce mini kwamfuta ba ta mantuwa," in ji shugabar daga bakin ƙofa. "To zaƙulo mini sunan wayar kafin jami'in hukumar jarrabawa ya iso. In ɗalibi ne, shi da takardar shaida har abada. In ma'aikaci ne, ya kwashe komatsansa."

Tana fita ya murza makulli. Ya danna nan, ya danna can. Abin da yake so kwamfutar ta yi masa, fafur ta ƙi. Ya zaro tasa wayar mai fasasshen gilashi, ya yi ta fama da ita. Aikin nan shi ne cinsu, shi ne shansu, shi ne maganin hawan jinin matarsa. Wallahi tsoro ya kama shi.

Aka buga ƙofa. Shugabar ce, jami'in yana biye da ita.

"Ka samu?"

"Na samu, ranki ya daɗe."

Ya juya musu fuskar kwamfutar. Ga sunan nan ɓaro-ɓaro: Auta. Sai ya miƙa wayarsa, ita ma sunan ke nan a jikinta.

"Tawa ce. Caji na sa, Shaiɗan ya ƙarasa sauran."

"Innalillahi! Kai da na ba amana? Kuma da furfurarka kake kiran kanka Auta?"

"Haka tsohuwata take kirana."

Ya ajiye makullai a kan tebur, ya ɗauki hularsa. Hanyar fita ta gaban zauren jarrabawa ta bi, inda 'yan ajin ƙarshe suka yi layi suna jiran sababbin tambayoyi. Bai ɗaga kai ba.

Shi fa ɗan fari ne a wurin tsohuwarsa, sunan nan ma ɗazu ya sa wa wayarsa, bayan kwamfutar ta ƙi goge shi. Auta ɗaya ce a gidansa, ga ta can cikin layi riƙe da biro, ta kasa kallon ubanta.