Mace Ta Sha Bakwai

Malama Surayya tana kulle ajin da take koyar da ungozomomi a Bagudo, sai ga Dakta Saifuddeen da fara'arsa, ya ce magabatansa za su zo neman aurenta ran Juma'a.

Ta miƙa masa mujallar da aka buga bincikensa kan haihuwar matan iyakar Benin.

"Mace ta goma sha bakwai a binciken nan, wadda jaririnta ya rasu a kwalekwale kafin a kai asibiti, wace ce?"

Ya kau da ido. "Ai ban sa suna ba."

Ta ce, "Sauran matan ka nemi izininsu, Dakta, har suka dangwala yatsa. Ni kuwa ɗana ne, ina kuka na ba ka labarinsa."

Ta zare makullin. "Ka ce wa magabatanka kada su taso."