Jar Tuta a Ranar Ruwa

Tun asuba ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, amma 'yan ƙungiyarmu ta masu son mota ba su san fashi ba. Makanikai ne da malaman makaranta, har da wani likitan haƙori mai cika baki. Kowa ya kawo tsohuwar motarsa filin tseren da muke haya a bakin tafkin Erie, ya raɓe ƙarƙashin rumfa yana ɗumama hannu da kofi.

Gord, shugaban masu koyarwa, ya ja Darlene gefe. Ita ce gwanarmu, ba wanda ke ja da ita a bayan sitiyari.

"Kwamiti ya gama magana," in ji shi. "In tsohon nan ya yi kuskure ɗaya yau, shi da filin nan har abada. Ke za ki faɗa mana."

"Na ji, Gord. Ai ni ba kurma ba ce."

Tsohon, Wendell, yana zaune cikin wata koriyar mota mai ƙofa biyu, da hular kwano a ka. An sa shi rukunin 'yan koyo, waɗanda ba a bari su fita sai da malami a kujerar mai zaman banza. Darlene ta shiga, ta ɗaure masa igiyar hular ba tare da ta tambaya ba.

"Yau ne farkona, malama," ya ce. "Amma za ki gani, kafin yamma sai kun bar ni na fita ni kaɗai."

"Mu ga ƙafarka tukuna, saurayi."

Ya yi dariya har da buga sitiyari.

Dokar fili ce a sauke gilashi ko da ana ruwa, don a miƙa hannu a ba na baya hanya. Kafin su gama zagayen farko sun jiƙe sharkaf.

Ranar ruwa, layin da kowa ke bi in ƙasa ta bushe shi ne ajali, don robar taya ta goge shi, santsi kamar sabulu. Sai dai a buɗe kwana a bi ta gefe, inda kwalta ke da kaushi. Sabon shiga sai ya shekara bai gane ba. Darlene ta buɗe baki za ta yi bayani, ashe Wendell ya riga ya bi ta gefen. Kwana ta biyu ma haka. A ta uku, dole likitan haƙori ya miƙo hannu ya ba shi hanya.

"Kai, sa'ar ɗan koyo!" in ji Wendell. Darlene ta juya fuskarta wajen taga, inda ruwa ke dukanta.

Can gaba wata mota ta sulale, ta juya, ta tsaya a tsakiyar hanya. Masu gadin kowace kwana suka ɗaga jar tuta. Ko yaron da ya zo kallo ya san ma'anarta: kowa ya tsaya a gefe nan take. Duk motoci suka tsaya. Wendell kuwa ya ƙara taka totur.

"Jar tuta! Birki!"

"Me take nufi?"

"Tsaya!"

Ya tsaya, saura ƙiris ya shige cikin ƙofar motar da ta juya.

Da suka dawo rumfa suka fito, Gord ya tare ta, ya yi ƙasa da murya. "Ruwa ne ya hana shi ganin tutar, ko? Ki ce haka, ni kuma in rufe bakin kwamiti."

Ta kalli tsohon, wanda ke shafa bayan motar yana murmushi.

"Ya gan ta, Gord. Bai san ta ba ne, ciwon mantuwa ya shafe masa ita."

Gord ya cire hularsa. Likitan haƙorin nan da ba ya rasa abin faɗa ya sunkuyar da kai. Wallahi ni kaina sai da na share ido.

Wendell ya matso, fuska fal murna. "Na ci, malama? Gaskiya kin iya koyarwa. Wanda ya koya miki ya san aikinsa."

"Ya sani. A cikin motar nan ya koya mini, ranar ruwa irin ta yau." Ta kama hannun Wendell, mahaifinta. "Zo mu tafi gida, Baba."

Wendell ya waiwaya bayansa, yana neman wanda take kira.