Fostocin Malam Yazid

"Malam, akwai sauran fostar nan taka?"

Mace ta uku ke nan yau. Malam Yazid ya gyara zaman hularsa, ya jawo ɗauri guda daga ƙarƙashin gado ya miƙa mata. Da soja suka ce za su koma bariki, ya sayar da babur ɗinsa ya buga fostocin nan, ya tsaya takarar kansila, ya sha kaye. Ga shi yanzu matan Ƙofar Durɓi suna ta sallama a kan hotonsa.

"Habiba, jama'a sun yi nadama," ya ce wa matarsa. "Zaɓe mai zuwa, gonar gadona zan sayar in sake fitowa."

Habiba ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da tsince shinkafa.

Ran Asabar ya shiga duba jikin maƙwabcinsa Gideon. A ƙofar falo wani labule mai sheƙi ya tare shi: an nannaɗe takardu ƙanana-ƙanana kamar duwatsun wuya, an zura su a zare. Ya tsaya yana shafawa yana yabawa, sai ɗaya ta warware a hannunsa. Rabin nasa gashin bakin ya gani a jikin takardar.

"Ai Habiba ce ta koya mana, duk layin nan an yi," in ji Maman Lydia, matar Gideon. "Takardarka akwai kauri, Malam. Da mun san haka take, da mun karɓa tun ranar da kake bin gidaje kana roƙonmu."