Tulu Bakwai na Malam Aƙilu

A shekarar da siminti ya yi wuyar samu a Birnin Zariya, Alhaji Isma'ila ya ba Malam Aƙilu magini aikin shafe rufin soronsa da laso kafin saukar damina. Sharaɗi ɗaya ya gindaya masa. Idan rufin ya yi yoyo, zai jira siminti, kuma kowa ya san unguwa duka za ta bi bayansa, a daina laso.

Malam Aƙilu bai damu ba. Ya gaji sirrin laso daga mahaifinsa: katsin marina, gashin jima, saiwar dafara, da ruwa tulu bakwai, ba ƙari ba ragi. Kullum a bayan gidansa ake kwaɓin, kusa da zogalen matarsa Rahmatu, wanda ke kore shar ko da tsakiyar bazara. Ita ke jan ruwa daga rijiya ta zuba a ramin kwaɓi yayin da yake zaure yana yi wa mutane bayanin tulu bakwai.

Sai ga haihuwa a gidan ƙanwarta a Limancin Kona, Rahmatu ta tafi kwana bakwai. Malam ya ja ruwa da kansa, ya ƙirga a bayyane. Kwaɓin ya fito kamar kunu. Da ya bushe a kan rufi, ya tsattsage kamar ƙasan tafki.

Ya zargi marina. Ya zargi majema. Har akuyoyin da aka cire wa gashi bai ƙyale ba. Alhaji ya ba shi kwana uku kacal ya gyara, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Rahmatu ta dawo ta tarar da miji ya rame, zogale ya yanƙwane.

"Ki zuba da hannunki," in ji shi. "Bakwai, kin ji?"

"Kamar kullum, Malam."

Kwaɓi ya kama. Ruwan farko ya sauka a rufin Alhaji ya gangare, ko ɗigo bai shiga ba. Malam Aƙilu ya koma zaure yana cewa awon magabata ba ya kuskure, hannun mai zubawa ne ke da albarka.

Rahmatu ta ji shi daga gindin zogale, tana tsinkar sabon ganye. Shekara ashirin ke nan laso yana shan tulu biyar, zogale yana shan biyu.